Ƙaramin Allo a Cikin Kwale-kwale

Duk wanda ya shiga Gidan Adana Zane-zane na Ƙasa da ke Otawa, babban birnin Kanada, da wuya bai tarar da mutane sun yi cirko-cirko a gaban wani zane guda ba. Bishiya ce tilo a bakin tafki, rassanta sun sunkuyo kamar tsohon da kaya suka yi wa nauyi. Can bayanta tsaunuka ne shuɗaye, sama kuma ta yi ruwan ɗorawa gauraye da kore, irin na bayan faɗuwar rana. Sunan zanen The Jack Pine, wato sunan irin bishiyar, kuma Tom Thomson ne ya zana shi a hunturun 1916 zuwa 1917. Yaran Kanada tun suna firamare suke ganinsa. Ya hau kalanda, ya hau bangon littafi, a 1967 ma har kan sarki aka buga da shi.

Ni ma na tsaya na ba shi haƙƙinsa. Amma abin da ya riƙe ni har ƙafafuna suka gaji wasu ƙananan alluna ne na mutumin nan, waɗanda ko allon da almajiri ke ratayawa ya fi su girma. Galibinsu wajen santimita 21 ne a gefe ɗaya da 27 a ɗaya gefen. Thomson ya bar irinsu wajen 400, alhali manyan zanensa na kan ƙyalle ba su wuce kamar 50 ba. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa mutumin da ya tasa ƙasa mai faɗin gaske a gaba zai zaɓi ya zuba ta a kan ɗan guntun katako. Sai da na shiga kwale-kwale a ƙasar na samu amsa.

Arewa da Toronto, ƙasar dutse ce tsohuwa wadda ƙanƙara ta kankare shekaru dubbai da suka shige, ta bar ramuka barkatai, ruwa ya cika su. A gandun dajin Algonquin kaɗai, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 7,600, akwai tafkuna fiye da 2,400. Wani tafkin rafi ne ke haɗa shi da na gaba. Wani kuwa sai an bi ta tudu, kuma a nan aikin yake. Matafiyi zai fito, ya sauke kaya, ya kifa kwale-kwalen a kansa, sandar tsakiya ta zauna masa a kafaɗu, ya bi 'yar siririyar hanya cikin saiwoyi da taɓo har ya isa ruwa na gaba, sannan ya dawo ya ɗauki kayan. A yini guda ana iya yin haka sau biyar ko shida. Wanda ya taɓa wannan dakon ba a koya masa rage kaya. Gari, tukunya, bargo, tanti, gatari da ƙugiyar kamun kifi sun riga sun cinye wuri, saura me ya rage wa mai zane? Ɗan akwati ne na katako, cikinsa da fenti da buroshi, da wasu tsage-tsage inda ake zura allunan da ba su bushe ba don kada su manne da juna. Murfin akwatin shi ne teburinsa, a kan gwiwa yake ɗora shi.

Kwale-kwalen bai tsaya ga ƙayyade girman allo ba, har inda ido zai tsaya shi ya zaɓa. Wanda ya taɓa ƙetare Kwara a Yawuri ya san yadda duniya ke sauya kama da zarar mutum ya zauna a ƙasan jirgi: idonka bai fi kamu biyu daga ruwa ba, gaɓar can ta koma siririn zare, ruwa ya shimfiɗu, sama ta yi girman da ba ka santa da shi ba. Haka da yawa daga allunan Thomson suke. Ƙasa 'yar tsirit a tsakiya, sauran duk gajimare ne da ruwa.

Sai kuma gaggawa. Haske a can ba ya jiran kowa, sanyi na daskarar da yatsu yana kuma taurara fenti, in kuwa watan Mayu ya yi nisa sai wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe masu cizo su fito, su hana mutum sakat. Saboda haka ba ya tsayawa sajewa da lallaɓawa. Ya ɗebo launi, ya danna, ya ja, ya ɗebo wani ya ajiye a gefensa. Na matsa kusa da wani allo na dusar ƙanƙara a cikin kurmi har mai gadi ya fara kallona. Ni da na taso da jin cewa ƙanƙara fara ce fat, sai ga ta a nan shuɗiya a inuwa, ruwan hoda inda rana ta taɓa, toka-toka inda ta fara narkewa. Tsakanin wannan jan buroshi da wancan kuma ga katakon nan tsirara, bai rufe shi ba, ya bar launinsa ya zama busasshiyar ciyawa. Daga kusa, kamar yaro ya yi wasa da fenti. Na ja da baya taku uku, sai na ji kamar sanyin wurin zai taɓa mini fuska. A ganina hannun mutumin ya fi fitowa a waɗannan alluna fiye da manyan zanen da ya yi suna da su, domin a nan ba shi da lokacin yin ado.

An haifi Thomson a 1877, ya tashi a gonar iyayensa a Leith, kusa da garin Owen Sound a jihar Ontariyo. Ya daɗe bai samu inda zai tsaya ba. Ya yi zaman Seattle a Amurka, ya dawo, wajen 1909 ya kama aiki a kamfanin Grip da ke Toronto, inda ake zana tallace-tallace da tambarin kaya. A nan ya haɗu da J. E. H. MacDonald, da Arthur Lismer, da Frederick Varley, da Franklin Carmichael, mutanen da ke zana tallan kanti a ranakun aiki, ƙarshen mako su fita bayan gari da fenti. Sai a watan Mayun 1912, yana da shekara 34, ya fara taka Algonquin. A wannan shekarar kuma ya yi doguwar tafiya ta kwale-kwale a yankin kogin Mississagi tare da abokin aikinsa William Broadhead, ɗauke da kamara. Jirginsu ya kife, ruwa ya lalata galibin fim ɗin da suka ɗauka.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A 1913 gwamnatin Ontariyo ta sayi zanensa mai suna Northern Lake a kan dala 250, kuɗin da bai taɓa tsammani ba. Wani likitan ido mai son zane, James MacCallum, ya ce zai ɗauki nauyinsa na shekara guda in zai bar aikin kamfani ya rungumi zane. Ya yarda. Tun daga lokacin shekararsa ta kasu biyu. Kafin ƙanƙarar tafkuna ta gama narkewa ya hau jirgin ƙasa ya nufi Canoe Lake, wato Tafkin Kwale-kwale, ya yi ta yawo yana zane, yana kamun kifi, wani lokaci ya yi wa baƙi jagora don ya samu na kashewa. A 1916 ma aikin gadin gobarar daji ya yi. In sanyi ya kore shi sai ya dawo Toronto, ya shige wata 'yar bukkar katako a bayan ginin masu zane da wani mai zane, Lawren Harris, da MacCallum suka gina, yana biyan hayar dala ɗaya a wata, ya zaɓi wasu daga cikin allunan ya mayar da su manya. A. Y. Jackson, wanda ya yi karatun zane a Faransa, ya buɗe masa ido kan yadda ake haɗa launi. Shi kuma ya koya wa su Jackson yadda ake riƙe filafili da yadda ake kwana a daji.

Ba kowa ya yi maraba da su ba. Masu kuɗin Toronto sun saba da zanen Turai mai duhu-duhu, shanu a makiyaya da injin niƙa mai aiki da iska. A ƙarshen 1913 wani marubuci a jaridar Toronto Star ya kira irin wannan sabon salo da sunan da in an mayar da shi Hausa zai zama makarantar kunu mai zafi, wai kamar an kwaɓa kunu an watsa a kan allo.

Mu koma ga bishiyar nan ta farko, don akwai abin da take faɗa wanda masu kalanda ba su saurara ba. Irinta ba ta da daraja a wurin masu katako. Gajera ce, karkatacciya, tana fitowa a kan yashi da tsagin dutse inda wasu itatuwa suka ƙi. 'Ya'yanta a kulle suke da wani ƙaro mai tauri, suna iya shekaru a kan reshe ba su buɗe ba, sai wuta ta bi ta wurin, zafi ya narkar da ƙaron, iri ya zubo a kan toka. Bishiya ce ta bayan gobara. Kuma ƙasar da Thomson ya tarar ƙasa ce da gatari da wuta suka riga suka bi ta kanta. Tun ƙarni na 19 ake sare manyan itatuwan yankin ana tura gungumensu ta kogi zuwa Otawa da Kebek, daga can zuwa Ingila. Jirgin ƙasan da ke kai shi dajin ma, attajirin katako J. R. Booth ne ya shimfiɗa layinsa a shekarun 1890 don jigilar katako da hatsi. Mowat, inda yake sauka a bakin Canoe Lake, kufan garin ma'aikatan kamfanin katako na Gilmour ne, wanda ya karye ya bar tarin ɓawo da kututture. Madatsun da aka gina don tura gungume sun ɗaga ruwa, itatuwan bakin gaɓa suka mutu a tsaye. Har gobe ana saran katako a wasu sassan Algonquin bisa izinin hukuma.

Dole a yi wa Thomson adalci a nan: bai ɓoye wannan ba. Ya zana ƙasar da ta ƙone, ya zana itatuwan da ruwa ya shanye, ya zana madatsa, a The Drive kuma ya zana gungume na rugawa ta bakin madatsa da ma'aikata a kansu. Abin da idonsa ya gani ya ajiye. Waɗanda suka zo bayansa ne suka yi tankaɗe da rairaya, suka ɗauki bishiya tilo da tafki shiru suka ce ga Kanada.

A farkon 1917 ya isa Canoe Lake da wuri, ya ɗaura niyyar zana sauyin yanayi kullum, daga ƙanƙara mai kauri har fitowar ganye. Mai gadin gandun, Mark Robinson, ya ce daga baya allunan sun kai 62. Ranar 8 ga Yuli da tsakar rana ya tura kwale-kwalensa shi kaɗai da kayan kamun kifi. A ranar aka hangi jirgin a kife. Sai ranar 16 ga wata gawarsa ta taso, da rauni a gefen kai da zaren kamun kifi naɗe a ƙafa. Hukuma ta ce haɗari ne, ruwa ya ci shi, kuma dama ruwa kan ci gwani. Wasu ba su yarda ba, an yi ta rubuta littattafai kan zargin kisa fiye da shekara ɗari. Ba zan bi wannan hanyar ba, don ta cinye hankalin mutane fiye da aikin da ya bari. Shekararsa 39, kuma duk abin da ake tunawa da shi a kansa cikin shekara biyar ya yi shi.

Abokansa suka tara duwatsu suka gina masa abin tunawa a wani tudu a bakin tafkin. A watan Mayun 1920 bakwai daga cikinsu, Harris, MacDonald, Jackson, Lismer, Varley, Carmichael da Frank Johnston, suka yi baje kolinsu na farko a Toronto da sunan Rukunin Bakwai. Tun kafin wannan baje kolin wasunsu sun ƙara nutsawa arewa, zuwa Algoma a cikin taragon jirgin ƙasa da aka mayar musu ɗaki, daga baya kuma suka isa gaɓar tafkin Superior. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka buga kwafin irin waɗannan zane-zane da yawa aka rataya a barikin soja, daga baya suka cika makarantu da bankuna. Da haka ƙasa guda ta koyi kallon kanta a matsayin daji mai tsabta wanda babu kowa a ciki.

A nan ne kunnen Bahaushe ke jin wani abu bai zauna daidai ba. A wurinmu daji ba ya rasa mai shi. Akwai maharbin da ya san kowace mashaya, akwai burtalin da shanu ke bi, ruwa ma da sarkinsa, kuma baƙon da ya ga wuri shiru ya ce babu kowa, rashin sani ne ke damunsa. Gandun nan sunan mutane yake ɗauke da shi. Algonquin al'umma ce daga cikin Anishinaabe, waɗanda ke farauta da su a kwarin kogin Otawa tun kafin wani Bature ya san da wurin. Ba su taɓa sa hannu a yarjejeniyar sallama wannan ƙasa ba, kuma tun 1772 suke kai kuka ga masarautar Ingila. Da aka kafa gandun a 1893 sai aka haramta farauta da ɗana tarko a cikinsa, abin da iyalai ke rayuwa a kai. Sai a 2016 aka sa hannu kan matakin farko na sasantawa tsakaninsu da gwamnatocin Kanada da Ontariyo. Hanyoyin dakon da Thomson ya bi, ƙafafunsu ne suka fara fitar da da yawa daga ciki. Kwale-kwalen kansa, duk da nasa na katako ne da aka lulluɓe da ƙyalle, surarsa tasu ce: su suka ƙera shi da ɓawon wata bishiya mai farin jiki, suka ɗinke da saiwa, suka toshe da ƙaro, ya zama mara nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka a ka.

Wani abu da ya faru a 1956 ya daɗe yana tsaya mini a rai. An fara binne Thomson a Mowat, bayan kwana biyu danginsa suka sa aka tono shi aka kai Leith. Wasu suka yi ta raɗe-raɗin cewa akwatin wofi aka tafi da shi. Mutum huɗu suka je suka haƙa kusa da tsohon kabarin, suka kuwa tarar da ƙasusuwa. Masu binciken gwamnatin Ontariyo suka duba suka ce na wani ɗan asalin ƙasar ne. An ci gaba da jayayya kan ko sun yi daidai, amma kusan duk jayayyar a kan Thomson take. In har masu binciken sun yi gaskiya, to akwai wani bawan Allah da ke kwance a bakin tafkin nan, da uwa da uba da suna, kuma mutane ƙalilan ne suka damu su tambayi ko wane ne.

Masu kamara ma 'yan asalin ƙasar na bin su bashi. George Shiras na Uku, lauya ne daga Pennsylvania da ya taɓa zama ɗan majalisar Amurka, shi ya fara ɗaukar hoton namun daji da dare a tafkin Whitefish da ke arewacin Michigan. Dabarar ta mafarautan Ojibwe ce, 'yan'uwan Algonquin: a kunna wuta a goshin kwale-kwale, a tuƙa a hankali ba tare da filafili ya yi ƙara ba, barewar da ta zo shan ruwa ta tsaya tana kallon hasken, mutanen da ke bayansa kuwa ba ta ganinsu. Shiras ya ajiye bindiga ya ɗora kamara, fitilar kananzir ta maye gurbin wutar, in an matso sai ya tayar da garin magnesiyam, dare ya yi fari na ƙiftawar ido. A hotunansa za ka ga barewa uku sun zabura sama lokaci guda, ko wata dabbar dangin kyanwa zaune a bakin gaɓa, inuwarta kwance a kan baƙin ruwa. A watan Yulin 1906 mujallar National Geographic ta buga 74 daga cikinsu, har mutum biyu daga hukumar gudanarwarta suka yi murabus don a ganinsu an mayar da mujallar ilimi littafin hotuna.

Masu ƙasar kuwa sun riga kowa zane daga cikin kwale-kwale. A tafkin Mazinaw da ke Bon Echo, kudu maso gabas da Algonquin, akwai wani dutse da ya miƙe kamar bango, tsayinsa wajen mita 100 daga ruwa. Lismer ya zana shi a 1922, ƙato, mai kwarjini. A gindinsa akwai zane fiye da 260 da aka yi da jar ƙasa: mutane, kwale-kwale cike da matuƙa, wani mai dogayen kunnuwa kamar zomo, da dabbobin da ba a gani da ido. Daga nesa ba a ganinsu. Norval Morrisseau, wanda kakansa ya rena a yankin tafkin Nipigon ya kuma ba shi labaran Anishinaabe, daga irin waɗannan zane-zane ya ɗebo salonsa. Yakan zagaye dabba da baƙin layi mai kauri, ya nuna abin da ke cikinta kamar an haska ta, ya ja wasu layuka daga kifi zuwa tsuntsu zuwa mutum, ta yadda babu abin da ke tsaye shi kaɗai. Wasu dattawan al'ummarsa ba su so ba, suna ganin ya fito da abin da ba na kasuwa ba. A 1962 ya yi baje kolinsa na farko a Toronto, aka saye komai. Sai a 2006, shekara guda kafin rasuwarsa, gidan nan na Otawa ya ware masa baje koli nasa shi kaɗai, ƙarƙashin rufi ɗaya da bishiyar Thomson.

Ranar da na je Mazinaw da sassafe muka tura jirgi, kafin iska ta tashi. Mai tuƙa ni ya matsa da mu har gefen kwale-kwalen ya kusa gogar dutsen, ya dafa shi da filafili don kada igiyar ruwa ta buga mu. Da farko ban ga komai ba sai tsatsa da gansakuka. Can sai jan ya fara rabuwa da launin dutsen, ga wani ɗan jirgi da layuka a tsaye a cikinsa, mutane ke nan. A wani tsagi kusa da shi wani ya ajiye ɗan ƙullin taba, bai ko jiƙe ba. Ba a taɓa zanen, don haka na ɗaga hannu kawai daga inda nake zaune, na ga yatsuna sun kai daidai inda yake.